Raddi Ga Mai Cewa Bodka Ba Giya Ba Ce

Wata magana na yawo a majalisun samari daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, wai bodka, farar barasar nan da ake rubuta vodka a jikin kwalbarta, ba ta shiga hukuncin giya. Mai maganar ya yafa mata rigar ilimi, don haka da ilimi za a amsa masa.

Ka ce, ɗan'uwa, giyar da aka haramta ta inabi ce, ita kuwa bodka da alkama ko dankalin Turawa ake yin ta. Batun alkama da dankali gaskiya ne, haka ake yi a Rasha da Poland inda ta samo asali. Ana niƙa hatsin a dafa, a zuba tsiro don sitacinsa ya koma sukari, a sa yis, a bar shi kwanaki yana kumfa. Wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa burkutu da dawa ya san wannan mataki, har warinsa. To, ranar da haramcin ya sauka a Madina, abin da sahabbai suka zubar na dabino ne, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ruwaito. Sayyidina Umar kuma a kan mumbari ya lissafa abubuwa biyar da ake haɗa giya da su, har da alkama da sha'ir. In Abu Hanifa ka fake da shi, bai halatta buguwa ba, fatawar mazhabarsa ma ta koma kan ra'ayin almajirinsa Muhammad Shaibani. Mu kuwa Risala muka karanta a zaure, ba ta bambanta inabi da dawa ba.

Ka ce an tace ta har ta sauya, kamar yadda giya ke komawa khal ta halatta. A nan ne ka fi yin tuntuɓe. A khal, ƙwayoyin halitta ne ke cinye barasar su mayar da ita tsami, sai abin maye ya gushe. Matatar bodka akasin haka take yi. Barasa na tafasa a digiri 78, ruwa sai ya kai 100. Ana ɗora ruwan tsimin a wuta, tururin barasa ya riga tashi, ya bi bututu ya huce, ya ɗigo. A maimaita har ta kai kashi 95 ko 96 cikin ɗari, sannan a sirka da ruwa ta dawo 40. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ta gaza 37.5 ba. Gawayin da ake bi da ita ta ciki wari da ɗanɗano yake kwashewa, barasar tana nan daram. Kwalba mai mililita 750 na ɗauke da 300 na tsantsarta, ninki takwas ke nan na ƙarfin giyar kwalba mai kashi 5. Ina sauyin yake?

Sai ka ce tsabtatacciya ce, tana maganin sanyi da basir. Ɗumin da mai sha ke ji jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jikinsa ke fita. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da ke jawo cutar. Farinta ma shi ya sa jabunta ke da sauƙi, don ido ba ya rarrabe ta da metanol mai makantarwa, gubar da ta kashe masu shan ogogoro a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015.

Ta fuskar doka ma, jiharmu ta Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero. Hukumar NAFDAC, wadda ba ruwanta da mazhaba, ta sanar a 2024 da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200, saboda yara na sayen ta da kuɗin tara.

Bodka giya ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta haramun ne. Ka koma majalisar da ka faɗi maganar nan ka janye ta a gaban yaran da suka ji.