Tsatsa A Ƙarƙashin Fenti

Batunmu na wannan wata shi ne rigimar da kan tashi tsakanin masu tsofaffin motoci da masu gyaran jikin mota.

Ko da yake tun 1977 aka tashi Zongo daga tsakiyar Lome zuwa arewacin gari, sana'armu kullum tana kai mu Asigame da tashar jiragen ruwa, inda iskar teku mai gishiri ke cin ƙarfe. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka soma haɗa ta a Kaduna a 1975, injinta na da juriya, amma tsatsa kan cinye gindinta da ƙasan ƙofofi.

Gyaran ƙwarai shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi waldar sabon ƙarfe. Mai son banza kuwa sai ya cike ramin da mastik ya shafa fenti. Damina ɗaya, fentin ya kumbura. To, maganaɗisu na tona asiri, domin ba ya kama mastik mai kauri.

In haka ta faru, kada mu garzaya wurin 'yan sanda. Mu nemo wani gwani ya duba a gaban shaidu, a kai magana ga shugaban masu sana'ar ko fadar Sarkin Zongo, a yanka wa mai gyara ranar sake aiki. Gaba kuma, a rubuta yarjejeniya kafin a ba da kafin alƙalami, a ga waldar da ido kafin fenti. Mu ma mu daina matse farashi, araha ba ta ado.

Allah Ya sa mu dace.