Jirgin Yaƙin da Ya Bi Hanyar Alhazai

Tun bayan rubutun da na yi kan yaranmu da suka daɗe ba makaranta, saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: to me za mu ba su su yi? Wata baiwar Allah daga Gadarif ta ce 'ya'yanta maza uku, in ba su kan wayarta to suna kan wuyan juna. Wani ɗan'uwa mai sayar da takalma a Bur Sudan ya ce ya gwada tafiya da nasa rumfa, yaron ya wuni yana hamma. Ni dai ba ni da maganin kowa. Abin da zan iya shi ne in ba ku labarin abin da ya ɗauke mana hankali makonni biyar a gidana, nan Sawra a arewacin Omdurman. Mai so ya ɗauka.

Jirgin yaƙi muka haɗa. Kada gabanku ya faɗi, na roba ne, kuma faranti ɗaya ya ɗauke shi. Ƙanin maiɗakina ne ya zo da shi daga Alkahira, a cuse cikin bandiran yadi, tsaraba ga babban ɗana mai shekara 12. Kwali ne na kamfanin Airfix na Ingila, da hoton jirgin da ake kira Hawker Hurricane. In ka buɗe ba jirgi za ka gani ba. Wasu firam-firam ne na roba mai ruwan toka, ƙananan ɓangarori sama da 100 na maƙale a jikinsu kamar dabino a jikin zangarniya, kowanne da lambarsa, sai ɗan littafin zane da takardar tambura. Gam da fenti daban ake saye.

Mu da muka tashi a ƙauyukan Katsina ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun yi motar kara, mun yi jirgin kara, da ɓawon kara da totuwa da ƙayar aduwa. Bambancin kawai awo ne. A jikin kwalin an rubuta 1/48, wato duk abin da ke jikin jirgin gaske an raba shi gida 48. Faɗin fukafukan Hurricane mita 12 ne da santimita 19. Na ce wa yaron ya raba mini. Ya yi ta kokawa da biro a bayan wani tsohon rasit, ya fito da santimita 25 da ɗan ɗoriya, muka ɗauko tef ɗin awon yadi muka gwada fiffiken roba, ya zo daidai. Kallon da ya yi wa tef ɗin nan, wallahi ban taɓa ganin ya yi wa littafin lissafi irinsa ba. Daga nan ya shiga aune-aune da kansa. Ya ce in da za a rage ni gida 48, tsawona ba zai kai santimita 4 ba.

Amma kafin mu kai nan sai da aka yi gardama a gida, kuma gardamar ce dalilin rubutun nan. Maiɗakina ta ce ba ta so. Ta ce, "Alhaji, na sama bai ishe mu ba, sai ka shigo mana da wani ɗaki?" Ba ta faɗi ƙarya ba. Wanda yake Kartum ko Omdurman ranar 15 ga Afrilun 2023 da watannin da suka biyo baya ba sai an gaya masa ƙarar jirgin yaƙi ba. Mu nan Sawra sansanin jiragen Wadi Sayyidna yana arewa da mu, kusan kullum a kanmu suke bi. Autarmu har yau in babbar mota ta yi gurnani a titi sai ta nemi ƙarƙashin angarib. Maƙwabcina Basudane, dattijo, da ya ga kwalin girgiza kai ya yi, ya ce in saya wa yaro jirgin ruwa mana, ko tarakta.

Na yi kwana biyu kwalin na kan sif ban taɓa shi ba. Abin da ya sa na sauko da shi, yaron ne bai daina tambaya ba. Dama tun farkon yaƙi tambayoyinsa ke nan: me ke sa shi ƙara haka, mutum nawa ne a ciki, yana ganinmu daga can? Abin da ya firgita shi shekara da shekaru ba shi da siffa, ƙara ce kawai daga sama. Na ga gara ya riƙe irinsa a tafin hannu, ya ga ƙarfe ne da taya da tankin mai da kujerar mutum ɗaya, mutane ne suka ƙera shi da awo. Ra'ayina ke nan, kuma a kan wannan yaron kawai na yanke shi. Autar ba mu kira ta ba, ba mu kuma yi aikin a ɗakin da take kwana ba. Ɗan maƙwabcinmu sa'ansa ya zo sau ɗaya, ya ga hoton kwalin, bai sake zuwa ba, ban kuma aika a kira shi ba. Kowane uba ya san nasa.

Abu na biyu da ya ja ni shi ne tarihin jirgin, don wannan Hurricane ɗin ɗan hanyarmu ne. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ya rufe wa Ingila. Ga sojojinta a Masar suna buƙatar jirage, ga hanyar zagaye ta ƙarshen Afirka tana cin watanni. Sai suka nemo dabara. A kwance jirgi a Ingila, a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya sauke a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau. A can makanikan soja da ma'aikata 'yan ƙasa su haɗa shi, sannan ya tashi da fukafukansa. Kun ga ashe shi ma na gasken a cikin kwali ya zo Afirka, kamar namu. Da na gaya wa yaron haka dariya ya yi ta yi.

To ku saurari zangon: Takoradi, Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Al-Junaina, Al-Fashir, Al-Ubayyid, Kartum, sannan a bi kogin Nilu ta Wadi Halfa zuwa Masar. Kusan kilomita 6,000, cikin kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, Hurricane shida da babban jirgi ɗaya samfurin Blenheim a gaba yana ja musu hanya, don shi ke ɗauke da mai duba taswira. Madugu ke nan da 'yan ayarinsa. Hanyar ba ta buɗe ba sai da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan shekarar. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta, kuma Wadi Sayyidna ɗin nan da ke bayan gidanmu yana cikin filayen da jiragen wancan yaƙin suka yi ta sauka.

Duk Bahaushen Sudan ya san wannan jerin garuruwa, ko bai taɓa jin sunan Hurricane ba. Ita ce hanyar kakanninmu zuwa Makka. Abin da jirgi ya ci a kwana shida, su sun ci shi a shekaru, a ƙafa da jaki, a yada zango a yi noma, a yi tsintar auduga a Jazira, a tara guzuri a ƙara gaba. Wasu sun isa, wasu ga jikokinsu nan a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da unguwannin Kartum. Na zana hanyar a bayan kwalin da biro, yaron yana bin ta da yatsa. Da yatsan ya zo kan Al-Junaina da Al-Fashir ya tsaya, don sunaye ne da yake ji a rediyo cikin labarai marasa daɗi. Muka yi wa mutanen can addu'a, muka ci gaba.

Yanzu ga aikin kansa, ga wanda zai gwada. Kayan aiki ba sai ka wahala ba: abin yanke farce don cire ɓangarori, sabuwar reza a hannun babba kawai, 'yar sanfefa mai laushi, matsefata, tsinken sakace, da burushi biyu, siriri da matsakaici. Ba a murɗe ɓangare daga firam, yanke shi ake yi, a goge wurin. Kafin a sa gam a fara gwada haɗin a bushe, a ga ya zauna. Gam ɗin irin wannan roba ba manne ta yake ba, narkar da fuskar yake ta haɗe da 'yar'uwarta, don haka ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya isa, kuma in ya taɓa yatsa ka taɓa jikin jirgi, zanen yatsanka ya zauna ke nan har abada. Gilashin kan matuƙi kada a kusance shi da sufa gulu, tururinsa na mayar da shi fari fat. Farin gam irin na kafintoci ya fi. A yi aiki inda iska ke shiga, kuma in akwai mai rarrafe a gidan a yi a kan tebur, don wasu ɓangarorin ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Daga ciki ake farawa, wurin zaman matuƙi, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. Mako guda cur muka yi a kan abin da bai fi akwatin ashana ba: kujera, sandar tuƙi, allon agoguna, da wasu siraran sanduna da suka kewaye shi kamar ƙirar rumfa. Haka na gasken yake. Sydney Camm, wanda ya zana shi, da bututun ƙarfe ya yi ƙashinsa, rabin jikinsa na baya kuma yadi ne aka ja a kan katako aka shafe da wani ruwa mai sa shi tauri. Ni mai sayar da yadi, jin cewa jirgin da ke gudun sama da kilomita 500 a awa da yadi aka lulluɓe shi, sai da na ajiye burushi. A jikin robar ma an fitar da layin haƙarƙarin da ke ƙarƙashin yadin. Da muka rufe ɓarin jiki biyu, rabin wahalar da muka sha a ciki ta ɓace wa ido. Yaron ya ce, "Baba, to wa zai gani?" Na ce mu biyu mun san tana nan.

Babban abokin gabar mai fenti a garin nan zafi ne da ƙura. Fenti mai ruwa in rana ta ɗaga a bakin burushi yake bushewa, don haka bayan sallar asuba muke yi, kafin in fita kasuwa. A tsinka shi ya yi kamar madara, a shafa siriri sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa. Da an gama a kife masa roba ko kwano, in ba haka ba ƙurar da ba ka gani za ta zauna a kai ya zama kamar bangon laka. Kada a bar shi a rana ko a cikin mota, fiffike lanƙwashewa yake yi.

Ƙurar nan su ma ta dame su. A cikin kwalin akwai wani ɓangare mai kama da haɓar zalɓe da ake maƙalawa ƙarƙashin hancin jirgin. Matatar iska ce da ake kira Vokes, aka ƙara wa jiragen da za su yi aiki a ƙasashenmu don yashi na cinye injin Merlin. Ta rage masa gudu, amma ba yadda za a yi. Wanda ya taɓa ganin habub ta taso ta rufe gadar Shambat ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ranar da muka zo kan fukafukai yaron ya ƙirga ramuka, huɗu dama huɗu hagu. Na ce bakin bindigogi ne, guda takwas. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shi ma yana jefa wa gidaje?" Na gaya masa wannan samfurin na farko ba ya ɗaukar bam, don harbo wasu jirage aka yi shi, amma waɗanda suka biyo bayansa an ɗora musu, kuma duk don kashe mutane aka ƙera su, na cikin jirgin da aka harbo ma ɗan wata ne. Ban ƙawata masa ba. Ya ce to shi ba zai zana baƙin hayaƙin harbi a bakin ramukan ba, kamar yadda yake a hoton kwali. Na ce jirginsa ne. Dama wanda ke kan hanya daga Kano bai riga ya yi harbi ba.

Shi ya sa muka yi masa kamar ɗan hanya. Kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, kamar yadda suke fitowa daga Ingila, sannan farin fenti a gadon bayansa da saman wutsiya. Haka ake yi wa masu bin hanyar Takoradi, don in mai ya ƙare ko an ɓace an sauka a daji, masu nema su hango shi daga sama. Farin nan ne ya jawo autar. Ta leƙo ta ce ita za ta shafa. Uwarta ta dube ni, na dube ta, aka miƙa mata burushi. Ya ɗan zarce layi ta gefen hagu, mun bar shi a haka.

Tamburan a ruwa mai ɗumi ake tsoma su kamar daƙiƙa ashirin, a zame su daga takarda zuwa jikin jirgi, a danne da auduga. Wayar rediyo kuma ragowar firam ake gasawa a kan kyandir a ja ta zama siririya kamar gashi, wannan aikin babba ne. Mai son saye ya yi wa masu zuwa Alkahira ko Jidda ko Dubai magana, su haɗo da gam da fenti a tafiya ɗaya, don a nan samunsu wuya. Ga mai farawa 1/72 ya fi araha kuma ɓangarorinsa ba su da yawa, sai dai ƙanana ne ƙwarai, mai ido irin nawa sai da tabarau. Gidan da ba a son na yaƙi, akwai na fasinja da jiragen ruwa da motoci, aikin duk ɗaya ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.