Lissafin shago: a cikin kwamfuta ko a kan intanet?

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna farkon azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace, intanet ya kusa tsayawa cak a Gana. Ni aikina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a nan Sofoline, don haka na ga abin da idona. Wani mai sarin shinkafa da ke buɗe manhajarsa ta burauza ya wuni bai iya duba waɗanda yake bi bashi ba. Maƙwabcinsa, wanda tasa ke girke a cikin kwamfuta, ya ci gaba da buga rasit abinsa.

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Mai girkakkiyar manhaja duk dukiyarsa tana cikin inji ɗaya. Dumsor ya ƙona shi, ko ɓarawo ya ɗauke, shi ke nan, lissafin shekaru ya tafi in babu kwafi. Mai ta intanet kuwa, ko yana Kejetia ko Tamale, da wayarsa zai ga abin da yaran shago suka sayar.

Kuma duniya ta riga ta karkata. A 2024 kamfanin Intuit ya daina sayar da yawancin nau'o'in QuickBooks na girkawa ga sababbin masu saye a Amurka. A gida ma, tun Oktoba 2022 hukumar haraji ta GRA ta fara tsarin E-VAT da manyan kamfanoni, inda rasit ke bi ta na'urarta a tantance shi. A ganina, ko ba jima ko ba daɗe zai iso kan masu sari irin namu.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Ta intanet haya ce, wata-wata, sau da yawa da dala. Wanda ya tuna faɗuwar sidi a 2022 ya san abin da nake nufi. Ka daina biya, a rufe maka littafinka.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya, yi tambaya uku. Tana aiki in intanet ya yanke, ta aika bayanan daga baya? Zan iya kwashe lissafina duk ranar da na ga dama? Da sidi ne farashin, ko da dala? Sannan duk Juma'a ka buga jerin basussuka a takarda ka adana a gida, don ranar da waya ta sake tsinkewa a teku.