Ɗanku Ya Ɗauki 'Yar Tsana? Ku Dakata Da Tsawa

Iyaye, a yawancin gidajenmu ana raba wa yara kayan wasa tun kafin su iya magana. Namiji a ba shi motar kara, ƙwallo da bindigar roba. Mace kuwa 'yar tsana da tuwon ƙasa. Ranar da ɗayansu ya ƙetare wannan iyaka sai tsawa ta tashi a tsakar gida: a ce wa yaron zai zama ɗan daudu, a ce wa yarinyar ba ta da kamun kai. A ganina wannan tsawar ta fi abin wasan illa.

Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin abin da maza da mata suka fi so, kuma halitta na da hannu a ciki. A shekarar 2008, masu bincike na Jami'ar Emory da ke Amurka sun zuba wa wani nau'in birai kayan wasa iri biyu: masu taya da masu laushi irin na 'yar tsana. Mazan biran sun fi karkata ga masu taya, alhali babu wanda ya taɓa koya musu cewa mota ta maza ce. Tun a 1992 ma, Sheri Berenbaum da Melissa Hines sun gano cewa 'yan matan da aka haifa da wata lalura mai sa sinadarin maza ya yi musu yawa tun suna ciki sun fi sauran 'yan mata sha'awar motoci da kayan gini.

Amma ku lura da abu biyu. Matan biran nan ba su ƙyamaci masu taya ba. Sun yi wasa da duka biyun. Sannan abin da bincike ke aunawa shi ne halin mafi rinjaye. Maza sun fi mata tsawo a jimlace, amma macen da ta fi mijinta tsawo ba mara lafiya ba ce. Haka yaron da ya goya 'yar tsana. Sau da yawa yana kwaikwayon abin da yake gani ne, musamman idan an yi masa ƙane.

Wani sashen rabon kuma mu muka ƙirƙira. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan jarirai a Amurka ta ba da shawarar a sa wa maza ruwan hoda, mata kuma shuɗi. Yau an juya zancen, har wasu na ɗaukarsa doka.

Kowane wasa makaranta ne. Haɗa mota da jera bulo suna koya wa yaro auna girma da tazara da sarrafa yatsu. Renon 'yar tsana kuwa yana buɗe baki, yana koyar da tausayi. Idan kuka hana 'yarku na farko, kun rage mata wata ƙwarewa da za ta nema a ajin lissafi. Idan kuka kunyata ɗanku a kan na biyu, kun nuna masa cewa reno abin kunya ne, alhali gobe shi ne uban da zai ɗauki jaririnsa zuwa asibiti da tsakar dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarar ƙarfi karya shi take yi.

Abin da ya cancanci tsoronku daban ne. Duk abin wasan da ke da ƙananan ɓangarori, kamar idon 'yar tsana ko tayar ƙaramar mota, zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, idan ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona shi cikin awa 2. Ku garzaya asibiti nan take, kada ku sa yaron amai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shawarta a 2019 cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, kuma kada 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa 1 a gaban waya ko talabijin.

Don haka ku tanadi kayan wasa iri-iri masu aminci, ku bar yaron ya zaɓa, ku zauna kusa ku saurari labarin da yake tsarawa. A nan za ku fi sanin wane ne ɗanku.