Wasiƙa Zuwa ga Malaman Lissafi na Firamare: Kafin Ku Ɗiga Ɗigon Nan



Na daɗe ina riƙe alli, kuma akwai kuskuren da nake cin karo da shi kowace shekara a littattafan 'yan aji huɗu da biyar. A ce wa yaro ya mayar da 1/4 zuwa desimal, sai ya rubuta 1.4 ko 0.4. A tambaye shi wanne ya fi girma tsakanin 0.5 da 0.25, ya zaɓi 0.25, don a ganinsa 25 ta fi 5. Amma wannan yaron, aike shi ya raba naira ɗari tsakanin ƙannensa huɗu, kowa ashirin da biyar zai samu, ba gardama. Ashe yaron ya iya lissafin, mu ne ba mu haɗa masa abin da ya sani da abin da ke kan allo ba.

Shawarata ta farko: ku fara da abin da ya zo da shi daga gida. Ya san rabin kwano, ya ji tela yana cewa yadi da kwata. A Islamiyya ya ji sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a babin gado, ya ji ushiri a zakkar hatsi. Ushirin nan, ɗaya bisa goma, shi ne 0.1, kuma a kansa aka gina desimal gaba ɗaya. Gurbin farko bayan ɗigo na ushiri ne, na biyu ushirin ushiri, wato ɗaya bisa ɗari. Kakanninsu ma sun riƙe ushiri a hannu: anini goma ne kwabo ɗaya. Kuma tun 1 ga Janairun 1973, da Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira mai kwabo ɗari, kuɗinmu kansa ya zama darasin desimal.

Ta biyu ita ce zuciyar maganar. Ku daina cewa "sa sifili, sa ɗigo, ƙara sifili" kamar hadda. Layin da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa cewa yake yi a raba. Ku ɗauki 3/8. Ku yanka takardu su zama kuɗi, ku ajiye 'yan dubu-dubu guda uku gaban yara takwas. Ba za su rabu ba, sai an yi canji. A fasa su zuwa 'yan ɗari-ɗari guda talatin: kowa ya ɗauki uku, saura shida. A fasa shidan zuwa 'yan goma-goma guda sittin: kowa bakwai, saura huɗu. Naira arba'in ɗin nan kuwa, biyar-biyar. Kowa ya tashi da 375 daga cikin dubu, wato 0.375. Sifilin da muke ƙarawa, canji ne muke yi. Yaron da ya yi wannan canjin da hannunsa sau uku ba zai sake tambayar inda sifili ya fito ba. Gani ya kori ji.

Ta uku: kada ku ɓoye musu sulusi. A raba naira ɗari tsakanin mutum uku, kowa 33, saura ɗaya. A fasa ta, a sake rabawa, ɗaya ta sake saura. Shi ya sa 1/3 take 0.333… ba iyaka, kuma wanda ya rubuta 0.3 ya tsaya ya tauye wa mai rabo haƙƙinsa. Ku bar su su gwada 1/2, 1/5, 1/6, 1/7 da 1/8, su ware masu ƙarewa da marasa ƙarewa. Da kansu za su gano cewa, bayan an rage lambobin iya raguwa, idan lambar ƙasa daga 2 da 5 kawai aka gina ta, rabon yana ƙarewa, domin 2 sau 5 ne goma. A 1/7 kuwa za su ga 142857 tana ta dawowa, kuma za ku ga yadda idanunsu za su buɗe.

Ku kula da karatun baki ma. "Sifili ɗigo ashirin da biyar" shi ke sa yaro ya ɗauka 0.25 ta fi 0.5. Ku ce "sifili ɗigo biyu biyar", ku bi da "ashirin da biyar bisa ɗari", sannan ku rubuta 0.50 a gefenta. 'Yan'uwanmu na Nijar, da ke sa waƙafi a wurin ɗigo, wannan maganar ta shafe su daidai da mu.

Na san aji cike yake, manhaja kuma ba ta jira. Duk da haka ku ba wannan darasi mako guda cur. Yarinyar da ke gabanku yau, gobe ita za ta auna wa jariri magani, tana bambanta mililita 0.5 da 5. Yaron nan shi zai fitar da zakkar kuɗin mahaifinsa, ɗaya bisa arba'in, 0.025. Amanar wannan ɗigo a hannunku take. Allah Ya ba ku ladan alli.

Naku,
Wani tsohon malamin aji biyar