Kuɗin Jami'a: Birnin Zazzau Na Buƙatar Wakafin Ilimi

A takarda, jami'o'in gwamnatin tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga ɗaliban digirin farko, kuma haka abin yake tun ƙarshen shekarun 1970. Amma duk magidancin da ke Kwarbai ko Kaura ko Unguwar Juma wanda ɗansa ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ya san cewa "kyauta" suna ne kawai. Akwai kuɗin fom ɗin JAMB, da na jarrabawar tantancewa, da na karɓar gurbi, da na rajista a kowace shekara, da na ɗakin kwana idan an yi sa'ar samu, sannan ga abinci da takardu da kuɗin mota na kullum. Jami'ar da aka kafa a 1962 domin 'ya'yan Arewa tana nan a Samaru, reshenta na Kongo kuma yana dab da ganuwa, amma yaran birni da yawa sai dai su riƙa hango ta. Ra'ayina shi ne lamunin gwamnati kaɗai ba zai ɗauke wannan nauyi ba, jiran dawowar ilimin kyauta ma ba zai ɗauke shi ba. Abin da Birnin Zazzau ke buƙata shi ne wakafin ilimi mai ɗorewa, wanda mutanen gari za su kafa da dukiyarsu, su kuma sa masa ido.

Sai mu fara da inda kuɗin ke tafiya. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ɗalibin da ke kwana a gidan iyayensa a cikin birni, sai ya fito Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya bi ta Kwangila kafin ya isa Samaru, da yamma kuma ya dawo ta wannan hanya. Idan laccar ƙarfe takwas ce, ba a maganar jiran mota mai arha. Ita ma jami'ar ba a sarari take ba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, kuma manyan jami'o'i, har da ta Zariya, sun koka da cewa kuɗin wutarsu na wata ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Jami'ar da aka hana karɓar kuɗin koyarwa, kuma kasafin gwamnati ba ya isar ta, ba ta da inda za ta juya sai kan kuɗin rajista. A ƙarshe dai nauyin yana sauka a kan uban da albashinsa mafi ƙanƙanta naira 70,000 ne, idan ma yana da albashin, ko uwar da ke ƙosai da adashi.

Gwamnatin tarayya ta kawo lamunin ɗalibai. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar a watan Yunin 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun wannan shekarar. A faɗi gaskiya, tsarin yana da alheri: babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Duk ɗalibin da ya cancanta ya kamata ya nema, malamai kuma su wayar da kan iyayen da ke tsoron cewa riba ce. Sai dai a raba naira 20,000 gida talatin, abin da zai fito bai kai naira 700 a rana ba. Wannan kuɗi ba zai kai ɗalibi Samaru ya dawo da shi birni, ya kuma ci abincin rana ba. Haka kuma lamunin ba ya taɓa yaron da ya gama sakandaren Alhudahuda da sakamako mai kyau amma ya rasa kuɗin fom, domin sai wanda ya riga ya samu gurbi ake bai wa.

Akwai kuma darasin tarihi. Nijeriya ta taɓa kafa hukumar lamunin ɗalibai a 1972, ta durƙushe saboda ba a dawo da bashin ba. A Ingila kuwa, tun da aka ɗora karatun jami'a a kan lamuni, kuɗin koyarwa ya tashi daga fam 1,000 a 1998 zuwa 3,000 a 2006, sannan 9,000 a 2012. Idan hukuma ta san akwai mai ranta wa ɗalibi, ba ta jin nauyin ƙara masa kuɗi. Sassaucin gwamnati shi ma yana tafiya ne da wanda ke kan kujera. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ninka kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna har ya kai naira 150,000, a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000, ya kuma zabge rabin na Kwalejin Nuhu Bamalli. Iyalin da ke lissafin shekara huɗu ko shida na karatun 'yarsu ba za su iya jingina da abin da sabon gwamna zai sauya da sa hannu ɗaya ba.

Wakafi yana da abin da waɗannan suka rasa, wato dawwama. Zakka a raba ta ake yi ga masu haƙƙi, ta ƙare a shekararta. Wakafi kuwa asalin dukiyar ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Da irin wannan dukiya Jami'ar Azhar ta Masar ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana ciyar da ɗalibai, cikinsu har da 'yan ƙasar Hausa. Birnin Zazzau ma ba baƙo ba ne ga ɗaukar nauyin mai neman ilimi. Zaurukan malaman Unguwar Juma da Kona sun daɗe suna karɓar ɗalibai daga garuruwa masu nisa, unguwa na ba su masauki da tuwon dare. Abin da ya rage shi ne a sa wannan ɗabi'a a tsari irin na zamani. A ce attajiran Zazzau sun gina gidan kwanan ɗalibai a Samaru, a ba da hayar rabin ɗakunan, kuɗin hayar ya riƙe ginin, sauran rabin kuma a sa 'ya'yan talakawan birni kyauta, a fifita 'yan mata, waɗanda su ake fara cirewa idan aljihu ya yi zafi. A ƙara da 'yan shaguna da gonaki da za su riƙa biyan kuɗin fom da na karɓar gurbi, da motar bas da za ta tashi daga Ƙofar Doka kowace safiya. NELFUND ya biya rajista, wakafi ya ɗauki kwana da mota.

Wasu za su ce ilimi haƙƙi ne a kan gwamnati, kafa wakafi kuwa sauke mata nauyi ne. Gaskiya ne haƙƙi ne, kuma an biya shi da jini a garin nan: a zanga-zangar 1978, wadda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ya haddasa, ɗalibai sun rasa rayukansu a Legas da Zariya. Gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ce kuma ta haifar da harajin ilimi da asusun TETFund ya riƙa gina azuzuwa da shi. Dole a ci gaba da matsa wa gwamnati lamba. Amma yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, kuma yaron da ya rasa gurbinsa bana saboda kuɗi ba zai tsaya yana ɗan shekara goma sha takwas har a ci nasara ba. Wasu kuma za su ce gari ya yi zafi, ina aka ga kuɗin? A duba abin da ake kashewa a bukukuwan naɗi da na aure, da yawan 'yan kasuwa da manyan ma'aikata 'yan asalin birnin nan da ke Kaduna da Abuja da ƙasashen waje, waɗanda da yawansu suka yi karatu a lokacin da gwamnati ke ciyar da ɗalibi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na amana, domin mutane sun ga asusai da yawa da aka ƙaddamar da ganga suka ɓace shiru. Maganinsa a shimfiɗa ƙa'ida tun daga tushe: a yi wa wakafin rajista da hukuma, a naɗa amintattu masu wa'adi daga masarauta da malaman addini da masana lissafin kuɗi na jami'a, a haramta wa masu riƙe da muƙamin siyasa kujera a ciki, a zaɓi ɗalibai bisa sakamako da buƙata tare da shaidar mai unguwa, sannan a liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar masallatan Juma'a duk shekara. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi da za a iya koyo daga nasarorinta da kurakuranta.

Muna kira ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da ƙungiyar bunƙasa ilimi ta ZEDA, da limamai da attajiran birni, su zauna su aza harsashin wannan wakafi kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa. Mai fili ya ba da fili, mai shago ya ba da shago, mai albashi ya ware abin da zai iya duk wata. Allah Ya ba mu ikon yi.