A-kori-kura a Sukuntuni: a ƙirga buhuna kafin a tambayi girman inji

Da an gama girbin gero da dawa a Sukuntuni da ƙauyukan da ke tsakanin Kankia da Kusada, manomin da ya tara ɗan kuɗi yakan fara tunanin mallakar motar ɗaukar kaya, ya huta da jiran masu haya. Tunanin yana kan hanya. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓe, domin da yawa suna fara tambayar girman inji da kyan fuska tun ba su lissafa kayan da motar za ta riƙa ɗauka a kowane mako ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan kuskure ya zama mai tsada, don mai mota yana biyan kuɗinsa duk ranar da ya tsaya a gidan mai.

Lissafin ba wuya gare shi ba. Buhun masara ko dawa kimanin kilo 100 ne, na taki ko siminti kilo 50. Toyota Hilux, wadda ita ce ma'aunin kowa a wannan yanki, an ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan guda, wato buhun hatsi goma, kuma nauyin direba da fasinja yana cikin wannan adadi. Idan manya biyar suka zauna a mai ƙofa huɗu, an ci wurin buhu uku tun ba a ɗora komai a baya ba. Bodin ma ba ɗaya ba ne: na mai ƙofa huɗu kusan mita ɗaya da rabi ne, na mai ƙofa biyu ya haura mita biyu. Wanda aikinsa kai hatsi kasuwa ne, ko ɗauko kwanon rufi da rodi, ko kai tumaki Charanchi, mai ƙofa biyu ta fi masa amfani, kuma ta fi araha. Mai ƙofa huɗu ta dace da wanda motar ita ce ta iyali ita ce ta gona. Sai dai a faɗi gaskiya, wasu suna son ta ne don ita ake gani a ayarin 'yan siyasa.

Manyan motocin da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Toyota Tundra mai filogi takwas da injin lita 5.7, su ne tarkon da ya fi kama mutane. Girmanta na sa a ɗauka ta fi Hilux ɗaukar kaya, alhali mai ƙofa huɗu daga cikinsu ba ta kai tan guda a bodi. An yi ta ne don jan tirela a manyan titunan can. Takan sha lita 16 ko fiye a kilomita 100, inda Hilux mai injin fetur lita 2.7 ke shan kimanin 11 zuwa 13. Daga Kankia zuwa Kano ya haura kilomita 100, ke nan duk zuwa kasuwar Dawanau da dawowa akwai bambancin lita da dama, ga faɗinta da ke hana ta shiga lungun ƙauye.

A ɗaya ɓangaren akwai ƙananan motocin Japan, Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, waɗanda wasu ke kira kurkura. Injinsu cc 660 ne kacal, kuma a Japan kilo 350 aka ƙayyade musu. Wajen kai taki gona, ɗebo ruwa a jarkoki ko kai kayan shago daga Kankia zuwa ƙauye, samun wadda ta fi su sauƙin mai sai an tona. Matsalarsu ita ce lodin da ake yi musu ninki biyu ko uku, sannan a hau babban titin Kano zuwa Katsina da su a tsakanin tireloli, da birkin da ba a yi shi don wannan nauyi ba. Kuma da yake Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, akasarinsu sai an mayar musu da sitiyari hagu. Wajibi ne bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba yadda aka yi wannan aiki kafin a biya kuɗi.

Batun fetur ko dizal shi ne inda ya kamata a fi tsayawa. A takarda dizal ya yi nasara: Hilux mai injin dizal lita 2.4 ko 2.8 ta fi ƙarfin ja da kaya a kanta, kuma ba ta shan mai kamar ta fetur. Amma sababbin injinan dizal suna fesa mai ne da matsi mai tsananin ƙarfi ta nozul masu laushi da kwamfutar mota ke sarrafawa. Ɗan ruwa ko datti a cikin man da aka saya a jarka wajen 'yan bumburutu ya isa ya lalata su, kuma gyaransu ba aikin gindin bishiya ba ne, sai an nemi mai na'urar gwaji a Katsina ko Kano. Tsohon injin dizal lita 3.0 marar turbo ya fi haƙuri da irin manmu, ko da yake ba shi da sauri. Injin fetur lita 2.7 mai filogi huɗu kuwa kusan kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa na nan a Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma shi ne ya fi sauƙin mayarwa ya yi amfani da iskar CNG, in har akwai gidan sayar da ita a hanyar da mutum ke bi, kuma ya yarda tukunyar ta ci masa wuri a bodi. Dizal yana mayar da kuɗinsa ne ga mai doguwar tafiya da kaya kusan kullum. Wanda motarsa ke fita sau biyu ko uku a mako ba zai ga wannan riba ba kafin lissafin gyara ya riske shi.

Haka ma mai jan ƙafa huɗu. Tana da rana a watan Agusta ga wanda gonarsa ke bayan fadama ko rafi mai yashi. Ga sauran jama'a, ƙarin nauyi ne da ƙarin kayan lalacewa da za a yi ta ɗauka wata goma don amfanin wata biyu. Tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da aka riƙa haɗawa a Kaduna ƙafa biyu na baya kawai take ja da su, kuma ta yi shekaru tana kai kaya kasuwannin ƙauyukan nan.

Masu son babbar mota sukan ce ai da kaka kaya na yawa. Haka ne, amma kaka makonni ne. Manomin Sukuntuni da zai kai buhu arba'in Dawanau sau ɗaya ko biyu a shekara, ya ɗauki hayar Canter a ranar ya fi masa sauƙi a kan ya yi ta ciyar da injin filogi takwas daga wannan girbi zuwa wancan.